Kurɓin da Bai Tofar Ba

Mijina bakanike ne, irin bakaniken nan da bai yarda da kowane ma'auni ba sai bakinsa. In zai kwashi mai daga tanki, tiyo yake zurawa ya zuƙa, ya tofar, sannan ya saki bakin tiyon a jarka. In yana zargin an surka man da ruwa, sai ya ɗiga a harshe ya yi shiru kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Na yi faɗa har na gaji. Na sayo masa ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu, ya karɓa, ya yi godiya har da sa albarka, ya rataye shi a ƙusa. A nan gizo-gizo ya same shi ya yi gida.

A layinmu Mai Kafireto ake ce masa. Ni Maigida nake kiransa in muna shiri. In ba ma shiri kuwa ba na kiransa da komai, magana kawai nake jefawa tsakar gida ya tsinta.

Tun da fetur ya fara wasa da hankalin mutane, yau akwai gobe babu, ya koma gyaran injina su riƙa shan barasa. Ba ta kwalba ba, ta duro, wadda kamfanin sukari ke tacewa daga ragowar rake, a zuba mata ɗan fetur don kada wani ya yi sha'awar kai ta baki. Aikin ba tsafi ba ne, na kalla har na haddace. Zai kwance kafireto, ya faɗaɗa 'yar ƙofar da mai ke bi, don inji ya fi zuƙar barasa a kan fetur. Ya cire tsohon tiyo ya sa wanda ba ta iya ci. Ya ɗan matsa lokacin da fulogi ke ba da wuta. Sannan ya kara kunne kusa da injin yana murɗa sukuru a hankali, kuma a wannan lokacin ko gobara ake yi a gidan ba zai ji kiranka ba.

Injin markaɗena ya fara yi wa. Ban so ba, don da shi nake rufa wa kaina asiri, amma wa ya tambaye ni? Da safe in gari ya yi sanyi injin ba ya tashi sai na ɗiga masa fetur a maƙogwaro, kamar tsohon da ba ya magana sai ya sha shayi. To amma in ya tashi, gaskiya ɗaya ce, ba baƙin hayaƙi, idona ya daina yaji, matan da ke layi da robobin tumatir da wake suka daina toshe hanci. Daga nan masu janareta suka biyo, da masu injin ban ruwa, da masu babur. Garejin da dā ƙuda ke barci a cikinsa ya cika da mutane.

Abin da ya zo tare da cinikin shi ne wari. Rigarsa, hularsa, har gemunsa. In ya shiga sahu sai ka ga na kusa da shi yana ɗan ja baya. Tela, wanda shagonsa ke kallon garejin, shi ya fi kowa baki. In Maigida ya wuce sai ya ɗaga kai daga keken ɗinki ya ce a gai da masu tafiya a hankali, a dai riƙa kallon kwata. Yara suka ɗauka, mata suka kai gidan suna. Har Yaya, wan Maigida, mutum mai farin gilashi da ba ya dariya sai da dalili, ya zo takanas ya zaunar da shi a ɗaki ya tambaye shi tsakaninsa da Allah. Ina bayan ƙofa ina jinsu. Maigida ya rantse cewa yana zuƙa yana tofarwa, ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Daga ranar wannan magana ta zama rigarsa ta biyu. Ya faɗa wa mai shayi, ya faɗa wa mai aski, ya faɗa wa wanda bai tambaye shi ba. Kuma gaskiya yake faɗa, shi ya sa zancen mutane ke cinsa.

Sai kamfanin sukari ya tsaya gyara, barasar rake ta yanke. Maigida ya kasa zaune ya kasa tsaye. Janaretoci jere a gareji, masu su na zirga-zirga, shi kuma yana fita ƙofa yana leƙen hanya yana dawowa. Can sai mutumin da ke kawo masa kaya ya sauke wani shuɗin duro daga wajen masu haɗa fenti, ya ce duk uwa ɗaya uba ɗaya ce, wannan ma ta fi kaifi. Maigida ya gwada. Inji ya karɓa, sai dai ya nemi a ƙara faɗaɗa masa ƙofa. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne warinta bai kai na waccan ba. Ya shigo gida yana miƙo mini hannun riga wai in shinshina. Na ce na ji, ya matsa in wuce da ruwan zafi.

Wata rana da yamma ya dawo da wuri, ba hira ba tsokana. Ya tsuguna bakin rariya yana ta kuskure baki, ya zubar, ya sake. Na ce lafiya? Ya ce lafiya lau. Abinci ma taɓawa kawai ya yi. Da gari ya waye ya ce kansa na sarawa, ya yi amai, ya ce zazzaɓi ne ke son kama shi. Na ba shi maganin ciwon kai, na koma kan injina, don mata sun riga sun cika zaure.

Rana ta ɗaga ina cikin markaɗa wake sai ga shi ya fito yana dafa bango. Ya ɗaga murya saboda ƙarar inji, ya tambaya wa ke ƙona shara a tsakar gida, hayaƙi ya cika ko'ina. Na duba. Tsakar gida fes, ko turare ba a kunna ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin da ke kan taga, hannun ya wuce ta gefensa ya kama iska. Na kashe inji, wake rabi a ciki rabi a roba, na ce wa matan su yi haƙuri yau babu.

Na tsare shi da tambaya. Me ka ci? Me ka sha? Wani abu ya faɗa maka a ido? Duk a'a. Yana numfashi da sauri kamar wanda ya yi gudu, yana murza ido, yana cewa in bar shi ya kwanta zai wuce. Ban bar shi ba. Na kira Yaya, ya zo da motarsa, muka sa shi a baya. A hanya duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar in fita in tura motar da hannuna.

Likitar da muka samu 'yar siririya ce, ba za ta girmi babbar 'yata ba, amma ba ta da lokacin kowa. Ta haska masa ido da 'yar fitila, ta sake haskawa, ta sa aka ɗebi jini, sannan ta tambaye shi kai tsaye me ya sha jiya. Maigida ya sha mur ya juya kai. Yaya ya gyara gilashi ya ce ƙanensa ba ya shaye-shaye. Ni na ce ba ya sha, amma yana zuƙar man inji da baki, kuma man nasa barasa ne. Ta ce wace iri? Na ce ta shuɗin duro. Yaya ya buga wa mai shayin kusa da gareji waya, aka ɗauko hoton rubutun da ke jikin duron aka turo. Ta duba wayar, fuskarta ta canza.

Ta ce sunan wannan mitanol, ba irin ta rake ba ce. Inji bai damu ba, kowacce ka ba shi ƙonawa zai yi. Amma a jikin mutum, hanta ce ke juya wannan ta koma dafi, dafin kuma jijiyar ido yake fara nema. Cokali biyu ma ya isa. Ta matso kusa da gadon ta sassauta murya.

"Baba, ka haɗiya ko ba ka haɗiya ba?"

Maigida ya murza ido. Ina jin ƙarar fankar sama da tarin wani tsoho a gadon can.

"Kurɓi ɗaya ne," in ji Maigida. "Tari ne ya sarƙe ni."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tun jiya da yamma yana ɗauke da wannan abu a cikinsa, ya kwana da shi kusa da ni, ya bar ni ina ba shi maganin ciwon kai, duk don kada a ce wani abu ya wuce maƙogwaronsa. Raina ya ɓaci. Da ba a asibiti muke ba da ya ji abin da bai taɓa ji ba tun aurenmu. Na haɗiye, don tsoron da nake ji ya fi fushin yawa.

Likita ta ce akwai allurar da ake yi wa irin wannan, amma babu ita a nan, kuma ba ta san inda za a same ta yau ba. Akwai injin wankin jini a babban asibiti, ta yi musu magana, za su turo mota in gado ya samu, wataƙila da la'asar. Kafin nan dafin ba zai zauna jiran mota ba. Hanya ɗaya ce ta rage: a ba hantar aikin da ta fi so, ta shagala ta bar wancan. Na ce wane aiki? Ta ce barasa, irin wadda mutane ke sha, mai ƙarfi, ana ba shi kaɗan-kaɗan har motar ta zo.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Yaya ma ya ce ta maimaita. Ta maimaita, ta ƙara da cewa ba wasa take ba, haka ake yi inda babu allurar. Na ce akwai sauran ta rake a ƙasan wata jarka a gida. Ta ce wadda aka zuba wa fetur? Kada ma in fara. Wadda ake goge wurin allura da ita ma ba ta shayuwa. Ta kwalba take so, rufaffiya, kuma yanzu. Ta kama tafin hannuna ta rubuta lambar ƙarfin da za a duba a jikin kwalbar.

Na juya wajen Yaya. Yaya ya duba takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce ai ya kamata namiji ya tsaya kusa da mara lafiya, ga kuma gwiwarsa da ke damunsa, ga mutane sun san motarsa. Ban tsaya jin sauran ba. Na ja mayafina na fita.

Na san wurin, kowa ya san shi. Bayan tasha yake, ƙofa ce mai labulen roba, wadda na shekara da shekaru ina wucewa ina kau da kai. Na iso na wuce ta. Na dawo na sake wucewa, na tsaya wajen mai faci kamar ina jiran wani, zufa na bin bayana. Sai na tuna hannunsa da ya kama iska a gefen kofi. Na ɗaga labulen na shiga.

Ciki duhu-duhu, fanka na juyawa a kasalance, rediyo na magana shi kaɗai. Warin da ya buge ni warin rigar Maigida ne sak, har sai da ƙwalla ta taru mini. Wata mata mai ƙiba tana goge kofuna, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce wa nake nema, mijina ko ɗana? Na buɗe mata tafin hannu na ce wannan nake nema. Zufa ta riga ta fara cinye rubutun. Ta nuna mini kwalabe jere a katako, farare da jajaye da masu ruwan zuma, ta ce in zaɓa. Ni da ban san ta fari ba balle ta ƙarshe.

Sai na ji an ture kujera a lungu. Na waiga. Tela ne, da awon ɗinkinsa rataye a wuya, kofi a gabansa, bakinsa a buɗe. Da a wata rana ce da na zauna na more wannan kallo, na sa an kawo mini ruwan sanyi ma. Na ce masa sannu da aiki. Ya fara in-ina, wai wani ya zo karɓar ɗinki ne ya ja shi nan. Na ce ba ni da lokacin asirinsa, Mai Kafireto na asibiti idonsa na tafiya, likita ta ce a kawo wannan. Ya taso ya riƙe hannuna ta gefen mayafi ya karanta lambar. Ya ce wa matar ba waccan ba, waccan ta jabu ce, ita ma makanta mutane take yi, ta sauko da ta saman can mai hatimi. Ya duba murfin da kyau, ya naɗe kwalbar a takarda, ya fita da gudu ya tsayar mini da babur. Ina hawa yana cewa don Allah Mai Markaɗe, don Allah. Mai babur ya ja muka tafi.

Kafin in koma labari ya riga ni. Mutanen layi sun cika barandar ɗakin marasa lafiya: mai shayi, mai aski, matan da na bari da wake, har da waɗanda ba mu gaisawa. Wasu sun leƙo ta taga. Labulen da ke kewaye gadon guntu ne, in ka ja shi nan sai can ya buɗe. Na miƙa wa likita ƙunshin, ta kwance takardar a gaban kowa, ta auna a ƙaramin kofin magani, ta surka da lemo.

Maigida ya ji warin tun kafin kofin ya iso. Ya datse baki ya juya fuska bango.

Likita ta yi masa bayani, ya yi kunnen uwar shegu. Yaya, wanda yanzu gwiwarsa ta warke, ya tsaya a kansa ya kawo hujjoji, ya ce larura ce, magani ne, babu laifi a kansa ko kaɗan, duk wanda ya san abin da yake yi zai faɗa masa haka. Maigida ya ce ya sani. Ya ce a jira motar. Likita ta ce jiran nan da idonsa ake biyansa. Ta ce za ta iya zura masa ta hanci da roba, amma ba za ta ɗaure babban mutum mai hankalinsa ba. Ta ajiye kofin a kan 'yar durowa, ta tafi duba wani, ta ce in ya shirya a kira ta.

Na zauna, na tashi. Na je taga na ja labule, na dawo. Na fita baranda na ce wa mutane su tafi gida an gode, suka ce ai ba komai, suka gyara zama. Na leƙa ƙofar asibiti ko motar ta zo, babu ko alamarta. Na dawo na same shi yadda na bar shi, numfashi na fita da ƙyar, idanu a buɗe suna kallon abin da ba ya nan. Na ɗaga yatsu a gabansa na ce nawa ne. Ya dubi wajen kafaɗata ya ce in daina wasa da shi.

Na durƙusa bakin gadon, na yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji. Na roƙe shi. Na haɗa shi da 'ya'yansa, na haɗa shi da mahaifiyarsa da ke ƙasa. Na ce ya tuna Auta ko makaranta ba ta gama ba. Sai ya ce:

"Shekara nawa suna cewa ina sha, ina rantsuwa. Yau in ɗaga kofi suna kallo? Gobe me zan ce musu?"

Wato ba wutar lahira yake tsoro ba, mai shayi yake tsoro. A nan haƙurina ya ƙare. Na miƙe, na yaye guntun labulen gaba ɗaya har ƙarfen ya yi ƙara, na ɗauki kofin. Na ce Allah ka gani, ka yafe mini. Na kafa kai na shanye.

Ban san me masu sha ke nema a cikinta ba. Kamar na haɗiyi garwashi, ya bi ƙirjina ya sauka, hanci da ido suka kawo ruwa, na yi tari har na dafa gado. Wata mata a taga ta yi salati. Yaya ya kira sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba.

"Maigida, ka ji abin da na yi?" na ce, murya na fita da ƙyar. "Na shanye. A gaban mai shayi, a gaban kowa, kuma ni ba ni da larurar komai. Gobe da ni za a kwana a layi, ba da kai ba. Saura me?"

Likita ta dawo da gudu ta fizge kofin, ta ce asibiti ne nan ko gidan biki, mara lafiya ɗaya bai ishe ta ba? Ta sake aunawa tana harara ta. Can Maigida ya ɗago hannu ya miƙa, ba wajen da kofin yake ba. Na kama hannun na juyo da shi, na sa masa kofin, na riƙe tare da shi. Ya sha yana kuka, ni ma ina yi.

Daga nan duk bayan ɗan lokaci sai ta auno wani. Mutumin da bai saba ba, kafin la'asar ya yi tilis. Ya fara dariya ba dalili. Ya kwaikwayi ƙarar janaretan mai aski, da yadda yake shaƙewa in an kunna abin busar gashi. Ya faɗa wa Yaya cewa motarsa ba tsufa ke damunta ba, rowar mai ita ce, tun bara take roƙon fulogi. Ya ce wa likita in ta kawo babur ɗinta zai gyara mata kyauta, ta ce ba ta da babur, ya ce to ta saya. Ya lalubo mayafina ya riƙe, ya sanar wa duk ɗakin cewa matar nan faɗa gare ta kamar injin da ba salansa, amma ba zai ba da ita ba ko za a haɗa masa da kamfanin sukari. Mutanen baranda suna dariya, wasu na share ido. Ni kaina na juyawa, kunya na cina, kuma duk motar da ta tsaya a waje sai na tashi na leƙa.

Motar ta zo rana na shirin faɗuwa. A babban asibiti suka sa masa robobi, jininsa ya riƙa fita yana zagayawa cikin inji yana dawowa. Da ya farfaɗo daga mayen, abin da ya fara tambaya shi ne injin nan da me yake aiki. Muka yi kwanaki a can. Rai dai ya tsira, aka ce mu gode wa Allah, muka gode.

Ido kuwa sai da likitan ido ya gama gwaje-gwajensa ya zaunar da mu. Ya ce tsakiyar ganin ta tafi a duka biyun, ba za ta dawo ba. Gefe-gefen ne ya rage. Duk abin da Maigida ya kalla kai tsaye ba zai gan shi ba, sai abin da ke gefensa. Na tambaya, da mun zo tun ranar da abin ya faru fa? Ya ce kada in sa wannan a raina. Na gane amsar. Har yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini, wani lokaci na Maigida, wani lokaci na mutanen layi, wani lokaci nawa da na tsaya markaɗa wake.

Yaya ya ɗauki maganar shuɗin duron ya kai inda ake kaiwa, aka zo aka kwashe shi. Barasar rake ta dawo, masu janareta suka dawo. Maigida ya koma gareji, yana kwance kafireto da yatsu, yana saita inji da kunne, in ƙaramin sukuru ya faɗi ƙasa sai ya kira ni daga gida. A layi an yi zancena yadda na ce za a yi, har wasu mata suka ɗauke robobinsu suka koma wani injin. Ban bi su ba. Tela kuwa in ya hango ni sai ɗinki ya kama shi sosai.

Abin da ban saba da shi ba har yanzu shi ne zamanmu a ɗaki. In na shigo ina magana sai ya juya fuska wajen bango ko wajen ƙofa, ya tsaya a haka. Da farko nakan matsa in koma gabansa, shi kuma ya sake kau da kai, mu yi ta zagaye kamar masu rawa, har na koyi tsayawa wuri ɗaya.

Ƙanwata ta zo duba shi daga garin da take aure. Muna zaune mu uku, ina ba ta labarin asibiti, ina zuba shayi. Maigida na kan tabarma, fuskarsa a wajen taga, bai juyo ba ko sau ɗaya. Da na fita ɗauko sukari ta biyo ni madafa, ta ja ƙofa, ta riƙe hannuna. Ta ce in faɗa mata gaskiya, tun abin da na yi a asibitin ne yake fushi da ni? Ta ce tun da ta zo take lura, mutumin nan ko kallon inda nake ba ya yi.

Na leƙa ta ƙofar. Yana nan yadda muka bar shi, sai dai ya ɗan karkata kai, yana neman inda na shiga da gefen ido.

Na ce mata, "Ai kallona yake yi."